Wa ke sayen waƙa, wa ke cin moriyarta?

A zamanin kaset, mai saida waƙoƙi a kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram yakan gane abin da mai saye zai tambaya tun kafin ya buɗe baki. Dattijo na neman Mamman Shata ko Ɗankwairo. Matan aure na aiko yaro ya sayo musu amadar Barmani Coge. Samari da ƴan mata kuwa, tun wajajen shekarar 2000, sun karkata ga waƙoƙin finafinan Kano, wasunsu kuma ga ƴan rap na Yamai irin su Kaidan Gaskiya.

Daga nan ne wasu masu sharhi suka yanke hukunci cewa matasa sun juya wa kiɗan gargajiya baya. Hukuncin ya yi gaggawa, domin ya manta da yadda waƙa ke isa ga mai sauraro. Da salula ta kori kaset, sai ciniki ya koma hannun masu tura waƙa a katin memori. Saurayi ya biya kuɗi a cika masa kati, amma abin da ke cikin kwamfutar mai turawa shi zai samu. In babu Ɗan Gurmu na Tawa a ciki, ko Sa'adu Bori na Maraɗi, ko biram ɗin Mamman Barka, ta yaya zai so abin da bai taɓa ji ba?

Haka kuma ba a yi wa mata adalci a wannan lissafi. Kuɗinsu bai cika bi ta shago ba. A wajen biki da suna suke yin liƙi, kuma nasu ne ke shiga hannun mawaƙi kai tsaye. Kuɗin kati kuwa a wurin mai turawa yake tsayawa, abin da ya sa aikin hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA ya yi nauyi. Zuwan WhatsApp da YouTube ya ƙara raba sauraro da biya.

Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Barka a 2018. Kaset-kaset ɗin irin waɗannan mawaƙa na lalacewa cikin akwatunan dattijai. Ya kamata ƙungiyoyin al'adu su tattara su, su juya su da izinin magada, malamai kuma su shigar da su aji a darasin Hausa. Sai an yi haka za a san abin da matasa suka zaɓa da gaske.