Daga "zaɓi sonka" zuwa zaɓin na'ura: sharhi a kan sauraron waƙa ta intanet a ƙasar Cadakori

Manufar wannan taƙaitacciyar maƙala ita ce mu dubi wata da'awa da ake yawan yi game da kafofin sauraro na intanet, irin su YouTube, Boomplay da Spotify, wato wai sun ƴanta mai sauraro daga hannun ma'aikacin radiyo, tun da yanzu kowa na iya jin abin da yake so a lokacin da ya ga dama. Mun ɗauki Cadakori, ta gundumar Gidan Runji cikin jahar Maraɗi, a matsayin ma'auni, domin a ƙasar Gobir irin wannan ne da'awar ta fi saurin nuna rauninta.

Sai mu fara tunawa da cewa sauraro a karkarar Nijar bai taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Tun 1962, da aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs, akan tara manoma su saurari shiri, su yi muhawara a kansa, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai. Haka nan shirin zaɓi sonka, wanda ake ce wa concert des auditeurs da Faransanci, ko daga Muryar Sahel ya zo ko daga Radiyo Kaduna. Duk wanda ya san wannan shiri ya san ba waƙar ce kan gaba ba. Jerin gaishe-gaishen da ke gabanta, sunan uwa da na aboki da na ɗan'uwa da ya tafi cirani Kano ko Legas, shi ne ainihin saƙon, waƙar kuwa goron da aka haɗa da shi ce. Kafar intanet ta ɗauki rabin sunan, zaɓin, ta zubar da gaisuwar. A namu ra'ayi wannan ba ƙaramar asara ba ce, don kuwa waƙar baka ta Hausa da ambaton suna take rayuwa.

Zaɓin ma a duba shi. Spotify, alal misali, yakan lissafa cewa an saurari waƙa da zarar ta yi daƙiƙa 30 tana kaɗawa, kuma a kan wannan lissafi ake raba kuɗi. Ke nan waƙar Mamman Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo, wadda kan ɗauki lokaci mai tsawo kafin makaɗi ya gama zuba ɗiyanta, ƴan amshi na karɓa, daidai take a wurin na'ura da waƙar minti uku. Tsarin da ya yi haka ya riga ya yanke hukunci a kan sigar waƙa, ko da bai faɗa ba: gajeriya ta fi riba. Sa'an nan abin da na'ura ke miƙo wa mutum na gaba ya dogara ne ga abin da aka fi saurara a cikin kafar kanta. To, a nan ne Cadakori ke faɗuwa daga lissafi. Mai salula a ƙauye ba ya ƙona megarsa yana maimaita waƙa ɗaya. Wani ne ke sauko da ita sau guda, ko a saye ta wurin masu tura waƙa a kasuwa, daga nan ta bi Bluetooth da WhatsApp da katin salula har ta game gari. Waƙar da ta cika majalisu da gidajen biki na iya zama, a idon na'ura, sauraro ɗaya tak.

Akwai kuma matsalar suna, wadda ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu nazarin harshe. Habsu Garba, ƴar Maraɗi da ta rasu a 2022, ana rubuta ta Hamsou ko Habsou, Sa'adu Bori ya koma Saadou Bori, Ɗanƙwairo kuwa ya rasa ƙugiyoyinsa, wani lokaci a raba shi biyu. (Shi kansa Cadakori a takardun hukuma Chadakori ne.) Wanda bai san rubutun Faransanci ba zai nema ya rasa. Mafi muni, tsofaffin faifai irin na Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ana ɗora su ba shekara, ba wurin ɗauka, ba sunan wanda aka yi wa waƙar. Ɗalibin da zai kafa hujja da irin wannan faifai a kan karin harshen Gobiranci sai ya yi hattara ƙwarai.

Ba mu ce kafofin ba su da amfani ba. Faifan da kaset ɗinsu ya daɗe da lalacewa sun sake fitowa, kuma Bagobirin da ke Agadas ko Abijan yana kama tashar gida. Amma lokacin da hukumomin Nijar suka dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, da BBC a watan Disamba na 2024, an ga iyakar wannan amfani. Mai mega da wurin caji ya iya neman labari ta wata ƙofa, shi kuwa tsohon da ke riƙe da akwatin radiyo mai pil, wanda ya saba kama Sashen Hausa ta zangon FM, ya murɗa ya ji shiru.