Fleming da Gardner: Awo da Ma'aunin Tahamisi

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin aikin ɗora hannu a kan talifin wani, watau tahamisi, kamar wanda Isa ɗan Shehu ya yi wa "Tabbat Haƙiƙa". Mai tahamisi yakan ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu. Sharaɗinsa kuwa shi ne ya riƙe kari da amsa-amo, ya kuma riƙe abin da ya dami mai waƙar tun asali. Da wannan ma'auni ya kamata a auna littattafan James Bond, ɗan leƙen asirin Ingila.

Ian Fleming ya fara su da Casino Royale a 1953, ya rasu a 1964. Ya yi aikin asiri a rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuwa yi rubutu sa'ad da mulkin Ingila ke zamewa daga ƙasashe, abinci ma da kati ake sayensa har 1954. Don haka yawan zancen ci da sha da caca a littattafansa ba ado ba ne, ƙishirwar mutanen zamanin ce. Bond ɗinsa kuma yana gajiya. An kashe masa amarya a littafin 1963, a na 1964 aka same shi duk ya karaya.

John Gardner ya karɓi aikin a 1981 da Licence Renewed, ya rubuta labari 14 na ƙashin kansa zuwa 1996. Ya kawo Bond zamaninsa, ya ba shi mota Saab maimakon Bentley, ya sa masa 'yar furfura, ya rage masa taba. Lalle ya fi Fleming iya ƙulla makirci, kamar a Icebreaker na 1983, inda ba a sanin aboki daga maci amana sai can ƙarshe. Amma fa yawan juyin nan ya mai da Bond abin da ake turawa daga tarko zuwa tarko, mai karatu ba ya jin ciwonsa.

Ashe Gardner ya riƙe kari da amsa-amo, damuwar ce ta kuɓuce masa. Malamin da ke koya wa ɗalibai nazarin ci-gaban littafi, na Turanci ko na Hausa, zai kyauta in ya fara tambayarsu abin da ya dami marubucin farko, kana su duba ko na biyu ya gaje shi.