Jigon Zaman Tare a Fim ɗin Woodstock

Fim ɗin Woodstock, wanda Michael Wadleigh ya shirya, ya fito ne a shekarar 1970, har ya ci lambar Oscar. Abin da ya ɗauko shi ne taron kiɗa da waƙa da aka yi daga ran 15 zuwa 18 ga Agusta, 1969, a gonar wani mai kiwon shanun madara, Max Yasgur, a Bethel ta Jihar New York. An ƙiyasta mahalartansa sun kai kimanin 400,000, galibinsu samari da 'yan mata masu ƙyamar yaƙin Biyetnam da irin rayuwar iyayensu.

Babban jigon fim ɗin shi ne cewa waɗannan matasa sun kafa gari nasu na kansu, ba sarki ba dogari, aka kuma zauna lafiya. Don ƙarfafa wannan jigo an nuna yadda shinge ya faɗi aka daina karɓar kuɗin shiga, da yadda ruwan sama ya mai da filin taɓo, jama'a suka mai da taɓon abin wasa. Salon raba allo gida biyu ko uku ya taimaka ainun, domin mai kallo yana ganin mawaƙi a gefe guda, jama'a a ɗaya gefen, kamar babu babba babu yaro.

To amma idan aka duba da idon basira, hotunan da kansu suna ƙaryata rabin wannan da'awa. Da abinci ya yi ƙaranci, mutanen garuruwan kewaye ne suka aiko da shi. Da hanyoyi suka toshe, jiragen soja masu saukar ungulu ne suka kawo likitoci, watau sojan da aka taru ana tsine wa yaƙinsa. Hatta 'yan ƙungiyar Hog Farm, masu dafa abinci kyauta da kula da waɗanda ƙwaya ta gusar wa hankali, masu shirya taron ne suka ɗauko su daga New Mexico. Ashe garin da aka ce ya tsaya da ƙafarsa, goye yake a bayan wanda ya guda.

Wurin da ya fi kowane armashi bai shafi kiɗa ba sam. Wani dattijo ne aka nuna yana wanke ban-ɗakunan taron, cikin fara'a, yana cewa ɗansa ɗaya yana nan wurin taron, ɗayan kuwa yana Biyetnam. A cikin 'yan mintocin nan an ga wanda ke ɗauke da nauyin 'yancin da ake wa kirari, kuma bai yi ƙorafi ba. Abin takaici, Wadleigh bai daɗe a kansa ba ya koma dandali.

Akwai kuma abin da aka tsallake. Saurayin da tarakta ta taka yana barci ya mutu, fim ɗin bai tsaya kansa ba. Masu shirya taron sun tashi da bashi mai nauyi, kuma cinikin wannan fim, wanda kamfanin Warner Bros. ya rarraba, yana cikin abin da ya fitar da su.

Duk da haka a yaba wa Wadleigh kan yadda ya kusanci ƙarshe. Jimi Hendrix yana kiɗa da safiyar Litinin, yawancin jama'a sun riga sun watse, sai aka juya ga filin: tsummoki da shara cikin taɓo, 'yan tsirarun mutane suna tsincewa.