Sunan ƙungiya ma nahawu ne: daga Kada Stars zuwa Dorinar Yawuri

Yau filin wasa za mu leƙa, amma ba mu bar darasinmu ba.

Ku ƙirga tare da ni: Kebbi United, Sokoto United, Zamfara United, Katsina United, Kaduna United, Gombe United, Adamawa United, Nasarawa United, Plateau United, Kwara United. Goma ke nan, ban ko yi numfashi ba. A Ingila, inda muka kwafo kalmar, wani lokacin tana da dalili. Newcastle United ta samu sunanta a 1892 ne bayan ƙungiyar gabashin gari da ta yammacinsa sun zama ɗaya. Mu kuwa me aka haɗa? An ɗauki sunan jiha ne kawai an liƙa masa jela. Abin dariya, ƙungiyar da aka haɗa ta da gaske daga ƙungiyoyi uku a 1990, wato Kano Pillars, ita ce ba ta ɗauki United ba. Kuma ko ita ɗin, je ka filin Sani Abacha ka saurara. Ba ka jin ana kirari da Pillars. Abin da ke tashi daga bakin dubban mutane shi ne "Sai Masu Gida!" Sunan takarda yana ofis, sunan da ke aiki magoya baya ne suka raɗa shi, da Hausa.

To, abin da nake son mu duba ke nan. Sunan ƙungiya kalma ce da za ta shiga jimlar Hausa kullum: a bakin mai sharhi a rediyo, a teburin mai shayi, a bakin yaro yana tsokanar ɗan'uwansa. In kalmar ba ta zauna a jimla ba, mutane za su ajiye ta su nemo wata.

Bari mu ɗauki wasan hoki, wanda wasu ke kira ƙwallon gora. Kaduna na da ƙungiyoyi biyu sanannu a wannan wasa, Kada Stars ta maza da Kada Queens ta mata. Na yaba wa waɗanda suka zaɓi sunan, domin sun duba gida. Kada dabbar kogin garin ce, kuma abin da aka fi faɗa shi ne sunan Kaduna kansa jam'in kada ne. Sai dai an yi rabin tafiya an tsaya. Kalmar Hausa ce aka saka cikin ginin Turanci: suna biyu a jere babu mahaɗi. Bahaushe ba ya cewa "kada taurari". Cewa zai yi Taurarin Kada, Sarauniyoyin Kada, ko ya taƙaita ya ce Kadojin Kaduna. Ga kuma wata tsiya ta rubutunmu da ba ya nuna karin sauti: wanda bai san zancen ba, ya ga "Kada" a farkon layi, abin da zai fara zo masa shi ne hani, irin na "kada ka tafi". Da jam'i aka yi amfani, ko aka sa mahaɗi, da wannan ruɗani bai taso ba.

Ku tsallaka Nijar ku ga bambanci, alhali can ma da Faransanci aka rubuta takardun ƙungiyoyin. A Yamai akwai Zumunta. A Maraɗi akwai Dan Kassawa, mai ɗauke da sunan Ɗan Kasawa, sarkin Katsinawan da suka kafu a Maraɗi bayan jihadi, akwai kuma Jangorzo. Ƙungiyar ƙasar kanta Mena ake kiranta, sunan wata barewar Sahel. Rubutun ne kawai ya bi tsarin Faransanci: ƙugiyar Ɗ ta faɗi, an ninka s, Jan Gwarzo ya koma Jangorzo. Amma a baki Hausa ce tsantsa, ba ta buƙatar wani laƙabi ya cece ta. Ku lura da "jan" ɗin nan, za mu dawo kansa.

Kada wani ya ce wannan ƙananan magana ce da manyan ƙungiyoyin duniya ba su damu da ita ba. A Amurka, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta jihar Utah ta buga kakar 2024 zuwa 2025 gaba ɗaya ba ta da suna na dindindin, ana ta jefa ƙuri'a tsakanin magoya baya. Sunan Yeti da mutane da yawa suka so ya faɗi saboda wani kamfanin akwatunan sanyi ya riga su rajista. Sai a watan Mayun 2025 aka tsaya a kan Mammoth, wata giwa mai gashi da ta ƙare a duniya tun zamanin da, wadda aka tono ƙasusuwanta a jihar a 1988. Kuma tilo suka bar sunan, ba jam'i ba. Ita kuwa ta Toronto a Kanada, tun 1927 take Maple Leafs, alhali ɗan firamare ya san jam'in leaf shi ne leaves. Kun ga har su ma rigimar tilo da jam'i ce.

Yanzu mu zo gida. A ce gobe an tashi kafa ƙungiya ta masarautar Yawuri, wadda za ta ɗebi 'yan wasa daga Yalwa da Birnin Yawuri, daga Wara ta Ngaski, daga Shanga, har ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Hoki ne ko ƙwallon ƙafa, duk ɗaya. Na san abin da kwamiti zai fara kawowa: Yauri United. Kuma a nan, ba kamar sauran wurare ba, kalmar tana da ɗan dalili, domin ƙasar ta tara Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Sarkawa da Hausawa da Fulani. Amma daidai wannan ne ya sa zaɓen sunan ya zama abin taka-tsantsan. In ka ce Gungawa, suna ne mai daɗin faɗa, ga tarihi: gungu shi ne tsibiri, su ne mutanen tsibiran da ruwa ya cinye da yawansu bayan an gama madatsar Kainji a 1968. Sai dai sunan ƙabila ɗaya ne, kuma ma Hausawa ne suka raɗa musu, su Reshe suke kiran kansu. Bakambare daga Ngaski zai sa rigar da aka rubuta Gungawa a ƙirji? Zai sa, amma da ƙyar. Haka Sarkawa. In ka ce Masunta, ka bar manoman albasa da shinkafa a waje. In ka ce Kainji, madatsar tana jihar Neja. In ka ce Kwara, wato sunan kogin a bakinmu, Ilori ta riga ka.

Saura abin da kowa ya yi tarayya a kansa, ruwa da abin da ke cikinsa. Nan ne nahawu zai yi mana alƙalanci.

Ku lura da yadda muke ba da labarin wasa. Pillars ta ci. Wikki ta sha kashi. Enyimba ta zo Kano. Ko da sunan jam'i ne a Turanci, "ta" muke sa masa, saboda kalmar ƙungiya da ke ɓoye a bayansa mace ce. Duk sunan da za a zaɓa sai ya zauna da wannan "ta".

Gwada Giwan Ruwa. Kifi ne mai girma, sarkin kifayen yankin. Tun a sunansa akwai abin kallo: giwa mace ce, a ƙa'ida giwar ruwa za a ce kamar yadda ake cewa giwar daji, amma abin da ya zauna a bakin mutane giwan ruwa ne, da -n. To faɗi jimlar: "Giwan Ruwa ta ci." Kunne ya ɗan yi tuntuɓe. "Giwan Ruwa ya ci" kuma sai ka ji kamar labarin kifi ake yi. Sannan ka ƙara sunan gari: Giwan Ruwan Yawuri, mahaɗi biyu a jere, ya yi wa kirari tsawo. Bayan haka, in aka ambaci giwan ruwa a Kebbi, Argungu ce ke zuwa zuciya, kuma kifi abin kamawa ne. Ranar da aka doke ku, abokan hamayya ba sai sun wahala neman zolaya ba: an kama, an banda, an ci da yaji.

Yanzu gwada dorina. "Dorina ta ci." "Dorina ta fito." "An taɓo Dorina." Babu inda ya cije, jinsin dabbar da jinsin ƙungiya sun zo ɗaya. Magoya baya 'yan Dorina, ya zauna. Cikakken suna Dorinar Yawuri, mahaɗi ɗaya, -r ta mace. In Basakkwace ko Bakabe ya faɗa zai ce Dorinay Yawuri, ya naɗe mahaɗin cikin baƙin da ke biye kamar yadda yake cewa rigas sarki, wannan kuwa ba kuskure ba ne, karin harshe ne. A riga dai daidaitacciya za a rubuta. Kuskuren da nake tsoro shi ne mai buga riga ya rubuta "Dorinan Yauri", irin cutar nan ta motan Audu da rigan Binta da ta cika intanet. Da -n sai in jam'i ake nufi, shi kuma Dorinai ne, mahaɗinsa ya ba da Dorinan, wanda ba ya bambanta da kuskuren a ido. Dalili ke nan na cewa a bar shi tilo.

Ga garaɓasa: dorina a Hausa ita ce kuma bulalar da ake yi da fatar dabbar. Ranar da aka yi nasara, "sun sha dorina" ta wadatar, ba sai an ƙirƙiro take ba.

Akwai abin da za a iya cewa a kan wannan suna, kuma ba ƙarami ba ne. A Kano ko Zariya dorina dabbar littafi ce. A bakin ruwan Yawuri kuwa tana kife jirgi, tana shiga gonar shinkafa da dare, akwai gidajen da ta sa su zaman makoki. Wanda ya rasa ɗa a bakinta ba lalle ya so ganin ta a rigar ƙaninsa ba. Ban raina wannan ba. Abin da zan ce kawai, Kaduna ma ba don kada na da kirki ta ɗauke shi ba, kuma Bahaushe ya saba yi wa jarumi kirari da abin da ake tsoro. Amma in mutanen ruwa suka ce a'a, maganarsu ce gaba da ta mai nahawu. In haka ta faru, ina da na biyu: Rigata. Kalmar aro ce daga regatta ta Turanci, amma Yawurawa sun tanƙwara ta ta zama tasu, sunan bikin tseren jirage da ninƙaya da aka san garin da shi. "Rigata ta ci" ya zauna. Matsalarta ɗaya, a rubuce daidai take da rigata, wato rigar da na mallaka. Ni ba na ƙin aro, gini nake dubawa.

Sai launi. Kwamiti zai ce shuɗi saboda ruwa. Wanda ya tsaya a bakin kogi a Yalwa da damina ya san ruwan ba shuɗi ba ne, ruwan ƙasa ne, shuɗin ruwa a taswira yake. Amma ban da wannan, launukanmu gida biyu ne a nahawu. Akwai masu shiga gaban suna su bi jinsi da adadi: jar riga, jan wando, jajayen riguna, farar riga, fararen riguna, koriyar riga, koren wando, shuɗiyar riga, shuɗɗan riguna. Akwai kuma waɗanda aka gina da "ruwan": ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro. Waɗannan ba sa shiga gaba, sai dai riga mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa ba ka jin ana yi wa Pillars kirari da launin rigarta, ya yi tsawo, har wasu sun gwammace su ce yalo. Launin gida na farko kuwa yana zama suna da kansa: Jajaye, Farare, Koraye. Ni ja zan zaɓa, da fari. Ja a Hausa ya wuce launi: jan aiki, jan hali, jan gwarzon nan na Maraɗi. Albasar Yawuri ma ja ce, in ana neman hujja daga gona. Kore kuwa a yi hattara, a rubuce shi ne "kore su", ko da yake wani zai ce ai hakan ma take ne.

Tambari ba zan daɗe a kansa ba. Kalmar dai ita ce tambari, wadda asalinta gangar sarauta ce kafin ta zama alamar kamfani, kuma ta fi "logo" da na ga ɗalibai na rubutawa. Abin da ke damuna da tamburan ƙungiyoyinmu shi ne garkuwa da kambi da zaki da aka kwaso daga Turai, an cusa ƙwallo da taurari da shekara da taken Turanci, har in an buga a riga ba a gane komai sai dunƙule. Na Dorina layi ɗaya ne na ruwa, sai kunne biyu da ido biyu da hanci a samansa, yadda take leƙowa. Yaro zai iya zana shi da gawayi a bango, tela a kasuwar Yalwa zai iya ɗinka shi ba tare da kwamfuta ba. A ƙarƙashi a rubuta Yawuri da w, yadda ake faɗa, kamar yadda muke cewa Bayawuri da Yawurawa. Yauri da Yelwa a bar wa takardun gwamnati.