Ko Kuɗi Kaɗai Suna Kawar da Talauci? Nazarin Ra'ayin Jeffrey Sachs a Ma'aunin Fiƙihu da Tarihin Bakolori

A shekarar 2005, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Amurka, Jeffrey Sachs, ya wallafa littafinsa The End of Poverty, inda ya yi da'awar cewa za a iya kawar da matsanancin talauci daga doron ƙasa kafin 2025. Hujjarsa ita ce matalauta sun faɗa cikin tarko: abin da suke samu ba ya wuce na bakin salati, saboda haka ba sa iya ajiye komai balle su tara jari. Idan ƙasashe masu arziki suka cika alƙawarin bayar da kashi 0.7 cikin ɗari na abin da suke samu a shekara, aka zuba shi a noma da lafiya da ilimi da hanyoyi, tarkon zai tsinke. Wa'adin da ya ɗiba ya zo, talauci kuwa yana nan. Wannan maƙala tana auna da'awar ne da abin da ya faru a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Adalci ne a ce Sachs bai yi kira a raba kuɗi a watse ba, ya nemi a binciki ciwon kowace ƙasa kamar yadda likita yake binciken majinyaci. Rauninsa shi ne ya ɗauki rashin jari a matsayin asalin cutar, ya kuma rage nauyin da ake ɗora wa mugun shugabanci. Tarihin madatsar ruwan Bakolori bai goyi bayansa ba.

An kammala madatsar a kan kogin Sakkwato a 1978, lokacin da kuɗin man fetur suka yi wa gwamnatin tarayya yawa, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. An tsara shayar da hekta 23,000, domin a noma alkama da shinkafa rani da damina. Jari dai an zuba shi, irin wanda Sachs yake fata. Amma ruwa ya cinye gonaki da gidaje, an hana manoma shuka yayin da ake baje filayensu, diyya ta yi jinkiri ko ta faɗa hannun waɗanda ba su da haƙƙi. Mutanen da ke ƙasan madatsar kuma suka rasa ambaliyar da take raya fadamunsu kowace shekara, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya, kamar yadda binciken W. M. Adams ya nuna. Da manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu, sai aka aika musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilun 1980. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, wasu masana tarihi suka ce ɗaruruwa ne. Bayan shekaru, na'urorin yayyafa ruwa suka lalace, filin da ake shayarwa ya koma kusan sulusin abin da aka tsara, har a 2014 Bankin Duniya ya amince da sabon bashi na shirin TRIMING domin gyaran Bakolori da wasu madatsun Arewa.

Manomin da aka karɓe wa gona ba ƙarancin jari ne ya talauta shi ba. Jarin ne ya zo ya same shi da abin hannunsa, ya raba shi da shi. Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan babi. Abu Yusuf, a Kitabul Kharaj da ya rubuta wa Haruna Rashid, ya ɗora haƙa manyan magudanan ruwa a kan baitulmali, amma ya fi tsawaita magana a kan zaluncin masu karɓar haraji. Ibn Khaldun ya keɓe fasali a Muƙaddima yana bayanin yadda taɓa dukiyar mutane yake kashe musu sha'awar nema. A nan gida, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Usulus Siyasa da ya aika wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya sanya kula da manoma da masu sana'a cikin wajiban shugaba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da azabar wanda ya ƙwaci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bai ware ƙwacen da aka yi da sunan ci gaba ba.

Sai dai sukar ba ta tsaya a kan Sachs ba. Akwai maganar da ta yawaita a kan mumbari da kuma cikin kundayen ɗalibai, cewa da mawadata za su fitar da zakka yadda ya kamata, da ba a ga matalauci ko ɗaya ba. Wannan ra'ayin Sachs ne aka naɗa masa rawani. Zakka rukuni ce, ba mai jayayya a kan wajabcinta ko amfaninta, kuma mai jin yunwa abinci yake buƙata yau, ba sai an gyara mulki ba. Amma Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, ta kafa hukumar zakka da waƙafi, kuma gwamnoninta uku, Ahmad Sani da Abdul'aziz Yari da Bello Matawalle, daga Bakura da Talata Mafara da Maradun suka fito. Duk da haka, ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta 2019 ta nuna kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen jihar suna cikin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne.

Fuƙaha'u sun yi saɓani a kan gwargwadon abin da za a ba faƙiri. Malikiyya sun halatta a ba shi abin da zai ishe shi shekara, Shafi'iyya kuwa, kamar yadda Nawawi ya bayyana a Majmu'u, sun ce a ba mai sana'a kayan sana'arsa komai tsadarsu, har ya fita daga buƙata. Ra'ayi na biyu ya fi kusa da maganin talauci, amma dukansu biyu an gina su ne a kan sharaɗin da ba a ambata ba saboda bayyanarsa, wato abin da aka mallaka wa mutum zai tabbata a hannunsa. A Janbako da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda 'yan bindiga suka kai mummunan hari a watan Yunin 2023, wannan sharaɗi ya faɗi. Shanun huɗar da aka saya wa manomi da kuɗin zakka, a dare ɗaya ake kore su daji. Ƙauyuka da dama a jihar sai sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe, iyalai kuma suna sayar da gona domin fansar ɗan'uwa.

Daga nan wata mas'ala take tasowa wadda ta cancanci bincike na musamman. A mazhabar Maliku, bashi ba ya sauke zakkar amfanin gona, ba a kuma cire kuɗin aiki kafin a auna nisabin wusuƙi biyar. To, manomin da ya ci bashi ya biya 'yan bindiga domin su bar shi ya kwashe hatsinsa, hatsin kuma ya kai nisabi, ana neman zakka a wurinsa, alhali shi kansa yana cikin mabarta da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa cikin masu karɓarta. Hukumar zakka ta jiha da malaman Mafara da Bakura da Maradun suna buƙatar fatawa rubutacciya a kan wannan.