Kalma Ɗaya, Takwarori Bakwai: Sharhi a kan Fassarar "Right" daga Ingilishi zuwa Turkanci

1. Gabatarwa

Akwai wata daɗaɗɗiyar hanya a aikin ƙamus mai harsuna biyu, wadda ake gani a ƙananan ƙamusoshin ɗalibai, da jerin kalmomin da ake sakawa a ƙarshen littattafan koyon harshe, da kuma waɗanda suka yawaita a intanet. Hanyar ita ce a rubuta kalma a gefe ɗaya, a jera takwarorinta a ɗaya gefen, waƙafi kawai ke raba su, babu misali babu bayani. Wannan maƙala sharhi ce a kan wannan hanya, kuma za a auna ta da kalma guda ta Ingilishi, wato "right", da yadda ake mayar da ita Turkanci.

An zaɓi Turkanci saboda dalilai biyu. Na farko, ba dangin Ingilishi ko Faransanci ba ne, don haka duk inda ma'anoni suka rabu, rabuwar tana fitowa fili. Na biyu, harshe ne da ya ari kalmomi masu yawa daga Larabci, kamar Hausa, kuma hukuma ta sa hannu cikin gyaransa a ƙarni na 20. Masu tsara yaƙi da jahilci za su ga wasu matsalolinsu a cikin nasa.

2. Ma'anonin kalmar da takwarorinsu

Idan aka bi yadda ake amfani da "right" a jimla, za a tarar da aƙalla ma'anoni bakwai, kowacce da kalmarta dabam a Turkanci.

(a) Ɓangaren jiki ko na hanya, kishiyar hagu: "sağ". Hannun dama shi ne "sağ el", umurnin juyawa dama kuwa "sağa dön".

(b) Abin da yake daidai, ba kuskure: "doğru". Amsar da take daidai ita ce "doğru cevap".

(c) Mutumin da yake da gaskiya a gardama: "haklı". Ana ce masa "haklısın", wato kana da gaskiya.

(d) Abin da shari'a ko al'ada ta mallaka wa mutum: "hak". Haƙƙin ɗan Adam shi ne "insan hakları", kuma abin da matan Turkiyya suka samu a 1934, na yin zaɓe da tsayawa takarar majalisar ƙasa, ana kiransa "seçme ve seçilme hakkı".

(e) Kusurwa mai digiri 90 a lissafi: "dik", kamar a "dik açı".

(f) Ƙarfafa wuri: "tam". Nan ɗin nan shi ne "tam burada".

(g) Ƙarfafa lokaci: "hemen". Yanzu-yanzu shi ne "hemen şimdi".

Jerin da ya kawo waɗannan kalmomi bakwai a layi ɗaya bai faɗi ƙarya ba, domin kowacce tana fassara "right" a wani wuri. Laifinsa shi ne ya bar mai karatu ya zaɓa da kansa, alhali wanda ya iya zaɓen ba ya buƙatar ƙamus, wanda yake buƙatar ƙamus kuma bai iya zaɓen ba.

3. Aibi na farko: ɗaukar tarihin Turai a matsayin tsarin tunani

Jerin yana sa a zaci cewa waɗannan ma'anoni abu ɗaya ne a asali, Turkanci ne ya rarraba su. Tarihin kalmar bai nuna haka ba. "Right" ta fito daga tsohuwar kalmar Ingilishi "riht", ƴar'uwar "recht" ta Jamusanci da "rectus" ta Latin, dukansu daga saiwa ɗaya mai ma'anar miƙewa. Daga miƙewa aka sami daidaito, daga daidaito aka sami adalci da haƙƙi, aka kuma kira hannun dama da sunan saboda ana ganin shi ne hannun ƙwarai. Faransanci ya bi wannan turba da "droit", wadda ta fito daga "directus" ta Latin, haka ma "derecho" ta Sifaniyanci. Haɗuwar ma'anonin gadon wannan dangi na harsuna ne.

Turkanci ya bi wata turbar. Asalin ma'anar "sağ" shi ne lafiyayye, rayayye, kuma ma'anar tana nan da ranta. Wanda zai yi godiya yakan ce "sağ ol", wato ka zauna lafiya. Mai ta'aziyya yakan ce "başınız sağ olsun". Daga ita aka sami "sağlık", lafiya, wadda take cikin sunan ma'aikatar lafiya ta ƙasar, da "sağlam", mai ƙwari. A wajen Baturke hannun dama shi ne lafiyayyen hannu, kamar yadda a wajen Bahaushe kalmar "dama" take ɗauke da hali da sarari da sauƙi: ya sami dama, jiki ya yi dama. Inda "sağ" ta bi Turai sau da ƙafa shi ne a siyasa, domin "sağcı" da "solcu" suna fassara rabuwar dama da hagu da ta samo asali daga yadda wakilai suka zauna a majalisar Faransa a 1789.

Haka nan "doğru" tana da nata yankin. Tana nufin miƙaƙƙe, tana nufin gaskiya, a lissafi ita ce sunan miƙaƙƙen layi, kuma idan ta biyo bayan suna tana nufin wajen ko zuwa: "eve doğru", wajen gida. Kowace takwara da'ira ce mai faɗinta, wadda ta haɗu da ta "right" a ɗan yanki kaɗan. Jerin yana nuna yankin da suka haɗu, yana ɓoye sauran, shi ya sa idan aka juya shi don a fassara daga Turkanci zuwa Ingilishi yake ɓatar da mai aiki da shi.

4. Aibi na biyu: ɓoye nahawu

Bambancin "doğru" da "haklı" shi ne mafi saurin kayar da ɗalibi, kuma jerin ba ya iya nuna shi. Ingilishi yana amfani da sifa ɗaya ga amsa da mai amsar. Turkanci yana cewa amsa "doğru" ce, amma mutumin "haklı" ne. Ita "haklı" an gina ta da "hak" da ɗafa-ƙeyar "-lı" mai nuna mallaka, ma'anarta mai haƙƙi ko mai gaskiya. A nan Turkanci ya yi daidai da Faransanci mai cewa "tu as raison", da Hausa mai cewa "kana da gaskiya". Dukan ukun mallaka suke nunawa, Ingilishi ne ya fita dabam. Da an ba da jimla guda ta misali, da ɗalibin da ya san Hausa ko Faransanci ya gane abin nan take.

Akwai kuma batun siffar kalma. "Hak" ararriya ce daga Larabci, inda baƙinta na ƙarshe yake da shadda. Turkanci yana sauke shaddar idan kalmar ta tsaya ita kaɗai, ya mayar da ita idan ɗafi mai farawa da wasali ya biyo baya: "hak", amma "hakkı". Hausa ta riƙe shaddar a ko'ina saboda wasalin da ta ƙara, ta ce "haƙƙi". Mai karatun da bai san wannan ba zai ci karo da "hakkında", wadda take nufin game da, ya kasa danganta ta da abin da ya gani a jerin.

5. Aibi na uku: cakuɗa zamani da zamani

Ƙamusoshin Ingilishi da Turkanci suna da dogon tarihi. James Redhouse, wanda ya yi wa gwamnatin Daular Usmaniyya ta Turkiyya aiki, ya fitar da na Ingilishi zuwa Turkanci a 1861, da babban na Turkanci zuwa Ingilishi a Istambul a 1890, duka da Turkancin cikin haruffan Larabci. A 1928 gwamnatin Mustafa Kemal Atatürk ta koma ga haruffan boko, a 1932 kuma aka kafa ƙungiyar da ta zama Türk Dil Kurumu, wadda ta duƙufa wajen maye gurbin kalmomin Larabci da Farisanci da na asalin Turkanci.

Takwarorin "right" sun nuna inda wannan aiki ya ci nasara da inda ya tsaya. A lissafi ya ci. Ana kiran kusurwa "zaviye" a da, daga kalmar Larabcin da ta ba Hausa "zawiya". Ɗan littafin lissafin siffofi da Atatürk ya rubuta, wanda ya fito a 1937, ya yaɗa "açı" a madadinta, kuma makarantu suka kafe ta. A shari'a kuwa "hak" ba ta gusa ba, haka ma jam'inta na Larabci, "hukuk", wadda a Turkanci take nufin ilimin shari'a. An ƙirƙiro "tüze" don ta gaje ta, amma ba ta karɓu ba, ko da yake ƴan'uwanta "tüzük", ƙa'idojin ƙungiya, da "tüzel" sun zauna. Tsarin mulkin 1982 yana maganar "temel hak ve hürriyetler", kalmomi biyun ƙarshe duka na aro.

Dalilin bai ɓuya ba. Kalmar lissafi a aji take zaune, wanda ya canja littafi ya canja ta. "Hak" kuwa tana bakin jama'a. "Hak" ɗaya ne daga sunayen Allah. Mai bankwana yakan ce "hakkını helal et", wato ka yafe mini haƙƙinka, kuma a wajen jana'iza liman yakan tambayi mahalarta ko sun yafe wa mamacin haƙƙoƙinsu. Bahaushen da ya san nauyin "haƙƙin wani" da "alhaki" ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Jerin da ya ajiye tsohuwar kalma da sabuwa da wadda aka ƙirƙiro ta mutu a layi ɗaya, ba tare da alama ba, ya hana mai karatu sanin wacce ce ke da rai.

6. Abin da za a iya faɗa don kare hanyar

Adalci ne a ce jerin yana da araha, yana da saurin haɗawa, kuma yana wadatarwa ga kalmomi masu ma'ana guda, kamar gishiri ko sunayen ranaku. Manyan ƙamusoshi ma sun daɗe suna raba ma'anoni da lambobi. Matsalar ita ce kalmomin da aka fi yawan amfani da su su ne mafi yawan ma'anoni, kuma ƙaramin jeri, wanda shi ne yake kaiwa hannun malamin karkara, a kansu ya fi gazawa.

7. Kammalawa

Darasin ya shafi aikin kalmomin Faransanci da Hausa kai tsaye, domin "droit" ta fi "right" faɗi: ta haɗa abin da Turkanci ya raba tsakanin "hak" da "hukuk". Hausa na buƙatar haƙƙi, da shari'a ko doka, da miƙaƙƙe, da dama, har da kuɗin fito a "droit de douane". Ko a cikin ma'ana guda ana jin gidajen rediyo suna musanya "haƙƙin ɗan Adam" da "ƴancin ɗan Adam", alhali ƴanci ya fi kusa da "liberté". Manomin da aka karanta wa ɗan littafi a kan mallakar gona yana da buƙatar sanin ko haƙƙi ake nufi, wanda wani zai biya shi idan an tauye, ko kuwa dama ce kawai da aka ba shi.

Saboda haka ya kamata duk jerin kalmomi da za a buga don azuzuwan manya ya cika sharuɗɗa huɗu: a raba ma'anoni da lambobi, a ba kowace ma'ana gajeruwar jimla daga bakin masu harshen, a sa alama ga kalmar da aka ƙirƙiro wadda ba ta riga ta karɓu ba, sannan a juya jerin a gwada shi daga Hausa zuwa Faransanci kafin a kai shi maɗaba'a. Ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990 ya nuna cewa raba ma'anoni da kawo misalai abu ne mai yiwuwa a Hausa. Zai ƙara yawan shafuka, amma takarda ta fi gyaran kuskuren da ya riga ya shiga aji araha.