Lokacin da Dabbobi Suka Mamaye Hatiman Susa

Hatimin tsohuwar ƙasar Elam ɗan guntun dutse ne mulmulalle, bai cika wuce tsawon yatsa ba, an huda shi ta tsakiya don a zura zare a rataya. Ba buga shi ake yi ba, mirgina shi ake yi a kan ɗanyen yumɓu, sai zanen da aka sassaƙa a jikinsa ya fito a jere. Da shi ake rufe bakin tulu da ƙofar rumbu, da shi ake tabbatar da allon lissafi. Kafin ya zama abin kallo a gidan tarihi na Louvre, makulli ne kuma sa hannu.

Mafi yawan waɗannan hatimai daga Susa suka fito, garin da ake kira Shush a yau, a kudu maso yammacin Iran. Jacques de Morgan ya fara tono a nan a 1897, Pierre Amiet kuma ya tattara zane-zanen cikin littafi a 1972.

Ga inda abin yake ɗaure kai. Hatiman farko cike suke da mutane: masaƙa, masu ginin tukwane, masu hawa tsani suna zuba hatsi a rumbu, har da shugaba da baka yana harbin abokan gaba. Amma wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai mutum ya kusan ɓacewa gaba ɗaya. Dabbobi suka karɓi aikinsa. Ga bijimi tsaye kan ƙafa biyu ya danne zakuna, ga zaki kusa da shi ya danne bijimai. Wata dabbar tana cikin kwalekwale, wata ta tallafo duwatsu.

Mai karatu zai iya cewa ai tatsuniya ce, irin ta Gizo. Ban gamsu ba. Wanda ke rufe rumbun hukuma ba hira ya zo yi ba. A dubi lokacin: daidai sa'ad da Susa ta juya wa salon birnin Uruk na Mesofotamiya baya, ta ɗauki nata rubutun, wanda har yau ba a warware shi ba, aka kuma same shi can cikin tsaunuka, a Anshan da Tepe Yahya. A ganina sabuwar hukuma ce ta zaɓi alamar da duk wanda ya gani zai san ba daga Mesofotamiya kayan suka fito ba.

Daga baya mutum ya dawo, da salon maƙwabta: mai bauta tsaye gaban abin bautarsa. Ko a nan ma sai ka tarar abin bautar zaune kan naɗaɗɗen maciji, abin da ya zama tambarin Elam. A Chogha Zanbil, birnin da Sarki Untash-Napirisha ya gina, an tono hatiman gilashi da aka ajiye a ɗakin bauta a matsayin baiko. Har zamanin Sarki Dariyus na Farisa, ma'aikatan Fasafolis suna mirgina wani tsohon hatimi mai rubutun Elam, ɗauke da sunan Kurash na Anshan da hoton mahayi yana jifa da mashi.